Jahilcin Mai Riƙe Da Makulli: Laifi Ne Ko Uzuri?

Jahilci iri biyu ne. Akwai wanda ke tsayawa a kan mai shi, akwai kuma wanda wasu mutane ne ke biyan kuɗinsa. Dattijon da bai iya latsa waya ba, in ya so ya miƙa wa jikansa ya kira masa, in bai so ba ya haƙura, ba wanda ya cuta. Amma ungozomar da ba ta san alamun jijjigar masu ciki ba, ko direban da bai san birkinsa ya cinye ba, rashin saninsu a jikin wasu yake fita. Tambayar da nake son mu tattauna ita ce, a cikin waɗannan biyun ina za mu ajiye ma'aikacin laburare wanda aka kawo masa kwamfuta da intanet, aka ce ya koya, ya ce shi kam a bar shi da littattafansa? Ra'ayi ne da yake da ƴancin riƙewa, ko kuwa cin amana ne?

Tambayar ba ta wasa ba ce, domin da wuya ka shiga ɗakin karatu a yau, na jami'a ne ko na cikin gari, ba ka tarar da wannan rigima ba, ko da ba a furta ta da baki. Gefe guda ga matasa da suka tashi da waya a hannu, suna ganin manyansu sun tare hanya. Ɗaya gefen ga waɗanda suka yi shekara 20 ko 30 suna jera littattafai a kanta, suna rubuta kati, suna ganin an zo a mayar da ƙwarewarsu shara dare ɗaya. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, shi ya sa bai kamata a yanke hukunci da gaggawa ba.

Bari in fara da inda aka fi sanin wannan batu. A watan Agustan 2006, laburaren jama'a na birnin Charlotte da gundumar Mecklenburg, a jihar Karolina ta Arewa ta Amurka, ya ɓullo da wani shiri mai suna Learning 2.0, wanda daga baya ya fi shahara da sunan Abubuwa 23. Wadda ta tsara shi ita ce Helene Blowers, mai kula da sashen fasaha na laburaren. A lokacin intanet na sauya kama. Da can mutum karatu kawai yake yi a shafuka, sai ga shi an fara ba kowa damar ya rubuta, ya ɗora hoto, ya gyara abin da wani ya rubuta. YouTube bai wuce shekara ɗaya da rabi da kafuwa ba. Masu zuwa laburare sun fara tambayar abubuwan da ma'aikata da yawa ba su taɓa gani ba. Maimakon a tara ma'aikatan a aji a yi musu lacca, sai aka jera musu ƙananan ayyuka 23 da za su yi da hannunsu cikin ƴan makonni. Kowa ya buɗe shafinsa na rubutu, ya leƙa Flickr ya ga yadda ake ajiye hotuna, ya koyi tara labarai daga shafuka masu yawa wuri guda da Bloglines, ya adana adireshin shafuka masu amfani a Delicious, ya gwada gyara shafin wiki, ya nemo bidiyo a YouTube. Ba a tilasta wa kowa ba. Wanda ya kammala ana ba shi tukuicin ƴar na'urar sauraren sauti ta MP3. Darasin farko ma bai shafi kwamfuta ba, bayani ne kan ɗabi'u bakwai da rabi na mai neman ilimi tsawon rayuwa, rabin nan kuwa shi ne wasa. Da yake an saki shirin kyauta a ƙarƙashin lasisin Creative Commons, ɗaruruwan ɗakunan karatu a Amurka da Ostireliya da Ingila da wasu ƙasashe sun kwafe shi, sun gyara shi daidai da buƙatarsu.

Da labarin ya tsaya nan, da sai a yi tafi a tashi. To amma a sake duba jerin kayan da aka koya. Bloglines ya mutu. Technorati, wanda aka koya musu don bin diddigin shafukan rubutu, ya daina aikin da aka san shi da shi. Delicious ya yi ta sauya hannu har ya zama kufai. Google Reader, wanda mutane da yawa suka koma wa, kamfanin Google da kansa ya rufe shi a watan Yulin 2013. Ke nan wani kaso na abin da waɗancan ma'aikata suka ɓata dare suna koyo bai kai shekara 10 a duniya ba.

Wannan shi ne makamin farko na dattijon da ya ƙi koyo, kuma makami ne mai kaifi. Zai ce maka: "Ɗana, littafin nan da ka gani a kanta ya girmi mahaifinka, kuma gobe in ka buɗe shi za ka tarar da shi yadda yake. Abin da kake so in koya kuwa, kafin in iya shi an canza masa fuska." Yana iya ƙarawa da abin da ya samu Babban Laburaren Birtaniya da ke Landan. A ƙarshen watan Oktoban 2023 wasu ɓarayin intanet da ake kira Rhysida suka kutsa cikin kwamfutocinsa, suka kulle su, suka nemi kuɗin fansa. Laburaren ya ƙi biya, kuma sai a watan Janairun 2024 babban kundinsa na binciken littattafai ya dawo kan intanet, shi ma ba da cikakken aikinsa ba. Littattafai na nan a kanta lafiya lau, amma hanyar gano inda suke ta toshe. In wuta ta kama rimi haka, ina ga ƙirare?

Makaminsa na biyu ba ya cika faɗarsa a fili, shi ne kunya. A al'adarmu babba ne ke koyarwa, yaro na saurare. Yau an wayi gari mutum mai furfura, wanda malaman jami'a ke rusuna wa in suna neman wata tsohuwar takarda, zai zauna gaban yaron da aka ɗauka aiki bara, hannunsa na rawa a kan linzamin kwamfuta, yana tambaya ɗaya sau uku. Wanda bai taɓa shiga wannan hali ba yana iya raina shi. Ni ban raina shi ba. Mutunci abu ne da mutum ke ginawa shekara da shekaru, kuma tsoron zubewarsa ba wauta ba ce.

Makami na uku ya fi sauran nauyi a ƙasashenmu. Ma'aikacin Charlotte yana da lantarki da ba ya yankewa, da intanet a kan teburinsa, da albashi mai zuwa kan kari. Namu fa? Sau da yawa kwamfutar kyauta ce daga wata ƙungiya, an kawo ta ranar biki, an ɗauki hoto, an tafi. Ba kuɗin gyara, ba kuɗin data, wutar ma sai an ga dama. Sai a tura ma'aikaci horon kwana uku a otal, ya dawo da takardar shaida, ya yi wata shida bai sami inda zai gwada abin da aka koya masa ba. In ya manta a ce ya faye taurin kai. Dattijo na da gaskiya in ya ce an ɗora masa kaya ba a ba shi gammo ba.

Duk da waɗannan hujjoji uku, ni a ganina ƙin koyo da gangan laifi ne ga mai wannan aiki. Zan faɗi dalilina, sannan in koma kan hujjojin ɗaya bayan ɗaya, domin ba dukansu ne ke rushewa ba.

Mu fara da tambayar mene ne aikin. Mai gadin sito aikinsa ya tabbatar kaya ba su ɓata ba. Ma'aikacin laburare kuwa ba a ɗauke shi don littattafai su zauna lafiya kawai ba, an ɗauke shi don ya haɗa mai tambaya da amsarsa. Masanin nan na Indiya, Ranganathan, da ya wallafa dokokinsa biyar na aikin laburare a 1931, har tattalin lokacin mai karatu ya sa a cikinsu. Idan haka ne, to duk inda amsa ta koma, can aikin ya koma. Ga misali da ya shafe mu kai tsaye. A 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya tare da manyan kamfanonin ɗab'i suka buɗe shirin Hinari, wanda ke ba cibiyoyin lafiya da jami'o'in ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi damar karanta mujallun binciken likitanci ta intanet. A 2003 Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta buɗe irinsa na noma mai suna AGORA. Daga baya aka haɗa su da wasu a ƙarƙashin suna Research4Life. Ƙasashe irin su Nijar da Cadi suna cikin waɗanda ake ba su wannan dama kyauta. Abin da ake buƙata shi ne cibiya ta yi rajista, a ba ta kalmar sirri, sannan a sami wanda zai nuna wa mutane yadda ake bincike a ciki. A mafi yawan wurare wannan mutumin shi ne ma'aikacin laburare.

Yanzu a ɗauka ɗalibar likitanci ta zo tana neman sabon bincike kan zazzaɓin cizon sauro ga mata masu ciki, ko malamin gona yana neman abin da aka gano game da tsutsar da ke cin zangarniyar gero. Ma'aikaci ya duba kanta ya ce babu, ko ya miƙa musu littafin da aka buga shekara 30 da suka wuce. Bai yi ƙarya ba, bai saci komai ba, ya ma karɓe su da fara'a. Amma abin da suke nema yana nan a bayan wata ƙofa da makullinta ke aljihunsa, bai san makulli ba ne. Hausawa suka ce rashin sani, kaza ta kwana a kan dami. Bambancin a nan shi ne ba kazar ce ke kwana da yunwa ba, wasu ne, kuma mafi muni ba za su taɓa sanin an hana su komai ba. Ɗan mai hali zai sayi data ya nema da kansa, ko ya kira ɗan'uwansa da ke karatu a Faransa. Wanda ba shi da kowa sai laburare, shi ne ke komawa gida hannu rabbana. Jahilcin mai riƙe da makulli a kan talaka yake sauka.

Malamanmu na fiƙihu suna da ƙa'ida da ta dace da wannan wuri, cewa duk abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma ya zama wajibi. Malaman Malikiyya kuma sun ɗora wa masu sana'a, irin su tela da marini, lamunin kayan da aka ba su in sun salwanta a hannunsu, sai fa in an sami shaidar cewa ba daga gare su ba ne. Hikimar ita ce jama'a ba su da makawa sai sun miƙa musu kayansu, don haka dole a tsananta a kansu. Mai karatu ba yadi yake miƙa wa ma'aikacin laburare ba, tambayarsa yake miƙawa da lokacinsa da yardarsa. Wanda ya zauna a kujerar da jama'a ba su da makawa sai sun bi ta gabanta, ba zai ce abin da ya sani da abin da bai sani ba sha'aninsa ne shi kaɗai ba.

To ina batun cewa kayan suna mutuwa? Gaskiya ne suna mutuwa, amma wannan sana'a ba ta taɓa zama wuri ɗaya ba. Katin da dattijo ke kewa, shi ma wata rana sabon abu ne da ya ture manyan kundayen rajista. A 1965 Henriette Avram ta shiga Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, kuma zuwa 1968 ita da abokan aikinta sun kammala gwajin tsarin MARC, wanda ya sa kwamfuta ke iya karanta bayanan littafi. Ƙungiyar OCLC, wadda ta yi shekaru tana buga wa ɗakunan karatu kati, ta buga na ƙarshe ranar 1 ga Oktoban 2015. A Afirka ma'aikata da yawa sun fara da manhajar CDS/ISIS ta UNESCO, yau wasu sun koma PMB, wasu Koha, wadda aka ƙirƙira a ƙasar Niyu Zilan a 1999. Amma duk wanda ya fahimci yadda ake bayyana littafi, wato sunan marubuci da take da wurin bugu da maudu'i, bai taɓa komawa farko ba, riga kawai yake sauyawa. Haka ma'aikatan Charlotte. Delicious ya tafi, amma wanda ya koyi liƙa wa shafi kalmomin da za su sa a same shi gobe, ilimin na nan tare da shi. Abin da ya fi wannan ma, sun koyi cewa mutum na iya zama gaban abin da bai taɓa gani ba, ya latsa, ya ɓata, ya gyara, duniya ba ta tashi ba. Wannan ɗabi'a ba kamfanin da zai iya rufe ta.

Akwai kuma wani dalili da masu ɗokin sabon abu ba su cika kawowa ba, kuma shi ne ya fi ƙarfi a wurina. Ana koyon waɗannan kaya har don a san lokacin da za a ce a'a. Abin da mutum ke karantawa sirrinsa ne. Matar da ta ari littafi kan cutar da take jin nauyin faɗa, ko saurayin da ke karanta tarihin wata tawaye, sun amince cewa maganar ta tsaya tsakaninsu da mai ba da aro. A zamanin kati, riƙe wannan amana bai wuce kame baki da kulle durowa ba. A zamanin intanet sirri na iya fita ba tare da kowa ya buɗe baki ba. A watan Oktoban 2014 aka gano cewa manhajar karanta littattafai ta Adobe Digital Editions, wadda ɗakunan karatu da yawa ke amfani da ita wajen ba da aron littattafan intanet, tana aika wa kamfanin bayanan abin da mutum ke karantawa ba tare da an lulluɓe su ba. A 2005 kuma wasu ma'aikatan laburare huɗu a jihar Connecticut ta Amurka sun ƙi miƙa wa hukumar FBI bayanan masu amfani da kwamfutocinsu ba tare da umarnin alƙali ba, suka je kotu, kuma sai a 2006 aka ɗage takunkumin da ya hana su ko da faɗin abin da ke faruwa. Sun iya tsayawa ne don sun san abin da na'urorinsu ke ajiyewa da abin da za a iya yi da shi. Wanda bai sani ba, zai miƙa ba tare da ya san ya miƙa ba. Shi ma harin Landan da dattijo ya kafa hujja da shi, rahoton da laburaren ya fitar a watan Maris na 2024 ya nuna cewa mai yiwuwa ɓarayin sun shiga ne ta wata ƙofa da ba a sa mata matakin tantancewa na biyu ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wanda bai san ginin ba ba zai ga tsagar ba.

Ga wani sabon nauyi da ya ƙaru. Tun da aka saki ChatGPT a watan Nuwamban 2022, manhajoji irinsa suna iya ƙago sunan littafi da marubuci da shekarar bugu, alhali littafin babu shi a duniya. A watan Mayun 2025 jaridar Chicago Sun-Times ta buga jerin littattafai 15 da take ba masu karatu shawara su karanta, aka gano 10 daga ciki ƙagaggu ne. Ɗalibi zai zo da irin wannan jeri a wayarsa yana neman a nemo masa. Ma'aikacin da bai san yadda abin ke aiki ba zai ce ba mu da shi, yaro ya tafi ya sa sunan littafin ƙarya a cikin kundinsa na kammala karatu. Wanda ya sani zai zaunar da shi ya nuna masa yadda ake tabbatar da cewa littafi akwai shi. Tantance sahihi daga jabu tsohon aikin laburare ne, kuma dattijo ya fi yaro iya shi, in har ya yarda ya san sabuwar hanyar da jabun ke shigowa.

Wannan ya kawo ni ga batun kunya. Maganinta, a ganina, shi ne a gane cewa koyon nan hanya biyu ce. Ita kanta Henriette Avram ba ma'aikaciyar laburare ba ce da farko, mai rubuta manhajar kwamfuta ce, sai da ta zauna ta koyi ƙa'idojin rubuta kati daga masu aikin kafin ta iya gina MARC. A dubi sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai, inda ake ajiye dubban tsofaffin takardu, waɗanda marigayi Boubou Hama ya aza harsashin tara su. Ko a dubi takardun Timbuktu, waɗanda aka fitar da su a ɓoye zuwa Bamako a 2012 da 2013, daga baya Google ya ɗora hotunan dubban shafukansu a intanet a 2022. Yaro na iya ɗaukar hoton shafi 500 a wuni ɗaya. Amma wa zai faɗa masa cewa wannan ajamin Hausa ne, wancan na Fulfulde, wannan wasiƙar ciniki ce, wancan sirrin gidan wasu ne da bai kamata a baza shi ba sai da yardarsu? Hoton da ba a rubuta bayaninsa ba, ɓatacce ne a cikin kwamfuta kamar yadda takarda ke ɓata a cikin buhu. Da tsohuwar zuma ake magani. Idan dattijo ya zauna gaban yaro da safe don koyon latsa, yaro ya zauna gabansa da yamma don koyon karanta warash da sanin hannun marubuta, ba wanda ya zubar da girma. Shugaban da ya shirya horo ta yadda ɓangare ɗaya ne kullum ke tambaya, shi ya jawo kunyar.

Hujjar da ba ta rushewa ita ce ta uku. Ba a kallafa wa rai abin da ba zai iya ba. Ma'aikacin da ba a ba shi wuta ba, ba a ba shi intanet ba, ba a ware masa ko da awa biyu a mako ya zauna ya gwada ba, laifin rashin iyawarsa yana wuyan wanda ya hana shi. Abin da ya sa shirin Charlotte ya karɓu shi ne an yanka aikin ƙanana-ƙanana, an bar kowa ya yi tafiya da saurinsa, an halatta kuskure, har an kira abin wasa. Hukumar da ta sayi kwamfuta don a ɗauki hoto, ta ƙi sayen data, sannan ta dawo tana zargin ma'aikata da ƙin ci gaba, ta haɗa zalunci da ƙazafi. Sai dai kuma uzuri yana da iyaka, kuma kowa ya san iyakar nasa a zuciyarsa. Mutumin da ke kwana a WhatsApp yana tura hotunan biki, amma ya ce shi bai iya neman mujalla a intanet ba, ba rashin wuta ne ya hana shi ba.

Saura tambayar ko nawa ne ya wajaba a kan kowa. A nan ma rabon da malamai suka yi yana da amfani. Akwai farillar kifaya, kamar sallar jana'iza, in wasu suka yi ta faɗi a kan saura. Girka Koha, da kula da rumbun kwamfuta, da ajiye kwafin bayanai a wani wuri don gudun gobara ko ɓarayi, ba dole kowane ma'aikaci ya iya ba, amma dole a sami wanda ya iya a kowane laburare, in babu duka sun shiga laifi, shugaba kan gaba. Akwai kuma farillar aini, wadda ba wanda zai ɗauke wa wani. Duk wanda ke zama a teburin karɓar tambaya dole ya iya bincika kundin laburarensa, ya san rumbunan da cibiyarsa ke da damar shiga, ya iya bambance majiya sahihiya da ta bogi, ya san abin da zai tona asirin mai karatu. Wannan ma'auni ba ya neman dattijo ya koma injiniya. Iyakar abin da yake nema, kada "babu" ta fito daga bakinsa alhali akwai.

Akwai kuma wani alheri da ya wuce wajibi, wanda ya shafe mu mu masu magana da Hausa. Miliyoyin mutane ke jin wannan harshe daga Agadas zuwa Kumasi, daga Garwa zuwa Kasala, amma abin da aka rubuta da shi a intanet bai taka kara ya karya ba in aka gwada da yawan masu shi. Tun 2016 ake gudanar da gangamin 1Lib1Ref, inda ake roƙon kowane ma'aikacin laburare ya ƙara wa Wikipedia majiya ɗaya tak, kuma ƙungiyar AfLIA ta ɗakunan karatun Afirka, mai hedikwata a Akara, ta shiga horar da ma'aikata kan wannan aiki. Wanda ya san a wane littafi aka rubuta tarihin Damagaram ko na Katsinar Maraɗi, kuma a wane shafi, shi ya fi kowa cancantar ya gyara abin da ƴaƴanmu ke karantawa a waya. In bai yi ba, wanda bai sani ba zai yi.

Hukuncina ke nan. Rashin iyawa ba laifi ba ne, jinkirin fahimta ba laifi ba ne, ƙyamar wani sabon abu bayan an san shi ma sau da yawa hikima ce. Laifin shi ne mutum ya zauna a bakin ƙofar da jama'a ke bi, ya san akwai abin da bai sani ba, ya sami hanyar sani, ya ƙi, ya bar wasu su biya. Gemu ba ya hana ilimi. Shugabanni su ba da lokaci da kayan aiki, matasa su koyar da ladabi, manya su daure su tambaya ko da sau goma ne. Ita dai ɗalibar da za ta shigo gobe da tambayarta, ba ruwanta da wanda ya fi wani shekaru. Amsa take nema, kuma haƙƙinta ne a ba ta.